RA'AYINMU: Lambar Shekaru A Jikin Fim Ba Ta Sauke Wa Uba Amana

 

Ya 'yan'uwa masu karatu, a wannan wata muna so mu ja hankalin iyaye zuwa ga wani nau'in finafinai da akan yi sakaci da shi, wato na barkwanci masu shaguɓe ga jaruman leƙen asiri. Sau da yawa uba yakan hana ɗansa fim ɗin da ya ga alamar tsiraici a bangonsa, amma da zarar an ce masa na ban dariya ne sai ya saki jiki. Labarin Austin Powers ya isa misali.

A shekarar 1997 ne ɗan wasan nan haifaffen Kanada, Mike Myers, ya fito da wannan fim a Amurka, yana kwaikwayon James Bond, ɗan leƙen asirin Ingila wanda aka fara nunawa a sinima tun 1962. Labarin wani jami'i ne da aka daskarar a ƙanƙara a 1967, aka farfaɗo da shi bayan shekara 30 domin ya fuskanci abokin gabarsa. Kasuwar da ya yi a sinima matsakaiciya ce, sai da ya shiga kaset ɗin bidiyo ya kutsa gidaje sannan ya bunƙasa. Da kashi na biyu ya fito a 1999, abin da ya tara a Amurka cikin kwanakinsa na farko ya zarce duk abin da na farkon ya samu a gidajen sinimar ƙasar, daga ƙarshe kuma ya haura dala miliyan 300 a duniya. Na uku ya biyo baya a 2002.

To, yaya hukumomin tace finafinai suka karɓe shi? A Amurka an ba dukkan ukun alamar PG-13, wadda ma'anarta gargaɗi ce kawai ga iyaye game da yaran da ba su kai shekara 13 ba, ba ta hana kowa shiga kallo. A Ingila an ƙayyade wa na farko shekara 15, na biyu shekara 12, alhali a cikin sunansa ma akwai kalmar da mutanen ƙasar suke ɗauka ashar ce, wadda ba za mu rubuta ta a wannan shafi ba. Ƙasar Maleshiya kuwa haramta kashi na biyun ta yi ɗungurungum. Fim ɗaya, hukunci daban-daban. Wannan ya nuna cewa lambar shekaru ra'ayin wani kwamiti ne da ya auna abin da al'ummarsa take iya haɗiyewa. A Amurka ma ƙungiyar manyan kamfanonin fim ce da kanta ta kafa tsarin tun 1968.

Abin lura kuma shi ne yadda ake samun wannan lamba. Mai tacewa yana ƙirga abin da ido ya gani ƙarara da kalmar da kunne ya ji a fili. Masu wannan fim sun san haka sarai. Sai su tsayar da mutum tsirara, su tare al'aurarsa da 'ya'yan itace ko kayan shayi; su ɗauko kalmar batsa, su katse ta kafin ta ƙarasa fita; su laƙaba wa mata sunaye masu harshen damo. A takarda ba a nuna kome ba, amma a zuciyar yaro an gama zana kome. Wani bincike da aka yi a Jami'ar Harvard a 2004 ya gano cewa daga 1992 zuwa 2003 abubuwan batsa da ashar da zubar da jini sun yi ta ƙaruwa a ƙarƙashin lamba ɗaya. Ma'aunin da yake saki haka bai cancanci a damƙa masa tarbiyyar ɗa ba.

Wasu za su ce ai fim ɗin ba'a yake yi wa halin neman matan James Bond, ba yabonsa yake yi ba. Akwai gaskiya a wannan magana, amma ga babban da ya san abin da ake yi wa shaguɓen. Yaro mai shekara 13 bai san Landan ta 1967 ba. Abin da zai fita da shi shi ne maganganun, ya haddace su, ya kai wa abokansa a makaranta. Abin da aka yi wa dariya yau, gobe ba a jin kunyarsa.

Kada a fahimce mu da cewa muna gaba da raha. Adalci ne mu faɗa cewa finafinan wannan fanni ba duka suka taru suka zama ɗaya ba. Johnny English na 2003, wanda Rowan Atkinson, wato Mista Bin, ya fito a ciki, yawancin dariyarsa a kan wauta da shirme take, ko da yake shi ma yana buƙatar a duba.

Saboda haka muna kira ga iyaye da abubuwa uku. Na ɗaya, duk fim ɗin da yaro ya nemi kallo, uba ko uwa ko babban wa ya fara dubawa, ko ya tambayi amintaccen da ya gani. Na biyu, a karanta dalilin da aka rubuta a gefen lambar, domin a nan akan ambaci batsa ko ashar. Na uku, idan an hana, a yi wa yaro bayani cikin hikima, domin wayar da ke aljihunsa ta fi ƙarfin kowace hukumar tacewa, kuma wanda aka hana ba tare da an gamsar da shi ba zai nema a ɓoye. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Allah Ya shirya mana zuriya, Ya ba mu ikon sauke amanar da Ya ɗora mana, amin.