Ɗan Arewa Ya Ci Bak, To Ina Zai Kwana a Yamai?

Ƴan uwa ɗalibai, duk shekara in sakamakon bak ya fito, guɗa ke tashi daga Dogon Dutsi har Tibiri. A yanka kaji, a yi addu'a, kawu ya miƙo jaka biyu, inna ta ɗaure ƙuli-ƙuli da gari cikin leda, a sayi tikitin kar. Tambaya guda ce ba a yi: in yaron nan ya sauka Yamai da dare, bayan tafiyar kilomita wajen 270, ina zai shimfiɗa tabarmarsa? In ka matsa da tambaya, amsar ba ta wuce "ai akwai wane can". Wannan "akwai wane" shi ne iyakar tanadin masauki da Arewa ta yi wa ɗiyanta. Ni kam ina ganin sakaci ne munka sa wa rigar zumunci, kuma lokaci ya yi da za mu tuɓe masa ita.

Ku gane ni da kyau. Matsalar ɗakin zama na shekara guda tana nan, ƙungiyoyin ɗalibai sun daɗe suna faɗa a kanta. Wadda nake magana a kai ƙanwarta ce da kowa ya raina: kwana ukku, kwana bakwai, sati biyu. Kwanakin ajiye dosiye, kwanakin rajista, kwanakin konkur, kwanakin bin sawun takardar shaida daga biro zuwa biro, kwanakin jiran a raba ɗakunan site. Cikin waɗannan ƴan kwanaki ne ake tankaɗe, ɗan mai hali ya wuce, ɗan talaka ya koma gida ya ce "Allah bai yi ba".

Mu duba abin da ke gaban baƙon ɗalibi. Ƙofa ukku gare shi.

Ta farko gidan ɗan uwa. Kowane ƙauye na da ma'aikacinsa guda a Yamai, malamin lakwal ko jandarma ko ɗan kasuwa, mai ɗaki biyu da falo a gidan haya. Shi ne otal ɗin ƙauyen, shi ne gidan abincinsa, shi ne masaukin masu jinya. Matarsa ke girka tukunyar da ba ta san yawan masu cinta ba sai an zuba. Ba zai kore ka ba, kunya ba za ta bar shi ba, amma kai ma ka san ka yi nauyi. Ga konkur gobe da safe, ga ka kwance a falo ana kallon talabijin har sha biyun dare, ba ka da bakin cewa a rage murya. Wannan ma mai sa'a ke nan. Ɗan manomi daga Sukukutan ko Dogon Kirya, wanda shi ne na farko da ya kai bak a zuri'arsu, wane "wane" gare shi?

Ƙofa ta biyu otal. Manyan otal-otal na bakin kogi ba namu ba ne, ko mai gadi ya san haka. Ƙananan kuwa, masu ɗan dama-daman kuɗɗi, da yawansu sun yi sunan da ba sai na faɗa ba. Saurayi ya shiga, a ce ya lalace. Budurwa ta shiga, an gama da ita, ko da littafi ta kwana tana karantawa. Tsakanin otal ɗin minista da ɗakin da ake haya da awa, wurin da mutum mai mutunci da ƙaramin aljihu zai kwana ƙunci gare shi ƙwarai.

Ƙofa ta ukku tabarmar tashar kar, ko barandar masallaci, ko abin da ɗaliban jami'ar Abdu Mumuni ke kira "ambasad", inda ƴan yanki guda ke cunkushewa su rufa wa juna asiri. Allah ya saka wa yayyenmu na ambasad da alheri, sun yi abin da manya sunka kasa. Amma wurin da mutum goma ke kwana inda ya kamata ukku su kwana, ga sauro, ga zafi, ga jaka ƙarƙashin kai don tsoron ɓarawo, ba wurin shirin jarrabawa ba ne.

Wanda ya fi kowa biyan wannan bashi ita ce ɗiya mace. Namiji zai kwana a tasha ya mayar da abin labarin dariya a fada. Uban yarinya kuwa tambaya guda zai yi: "Gidan wa za ta sauka?" In babu amsa mai kwantar da hankali, magana ta ƙare. Sai mu taru a taron wayar da kai muna zargin iyaye da ƙin karatun mata, alhali tambayar dattijon nan tambaya ce ta hankali, mu ne ba mu tanadi amsarta ba. Kuma abin tun daga gida yake farawa. Yara nawa daga ƙauyukan Matankari, Kiyeshe ko Gesheme sunka bar kwaleji don ba a samu mai riƙonsu a gari ba? Kowa cikinmu na iya lissafa sunaye daga ajinsu.

Na san abin da wasu za su ce. Za su ce masaukin kuɗɗi al'adar Nasara ce, mu baƙonmu a gida yake sauka, zumunci a ƙafa yake. To mu koma ga tarihin, mu ga ko haka kakanninmu sunka yi.

Fataken Hausa da ke zuwa Gwanja sayen goro ba da "akwai wane" suke tafiya ba. Akwai zango a kan hanya, akwai fatoma a gari irin Salaga. Fatoma na ba baƙo ɗaki, ya ciyar da shi, ya ajiye masa kaya, ya haɗa shi da mai saye, ya tsaya masa in rigima ta taso, sannan ya ɗauki la'adarsa. Kowa ya san haƙƙinsa, kowa ya san iyakarsa. A unguwar Sabo ta Ibadan haka masu gida ke sauke dillalan shanu da na goro. Sana'a ce mai ƙa'ida, ba a bar ta ga kunya da sa'a ba. Ta fannin ilimi ma haka. A tsakiyar ƙarni na 13, zamanin Mai Dunama Dabbalemi, mutanen Kanem sunka ba da dukiya anka gina makarantar Ibn Rashiƙ a Alƙahira, ta zama masaukin ɗalibansu da alhazansu. Daga baya a Azhar ɗaliban Barno na da nasu ɓangaren kwana da sunansu. Mutanen da ke ƙetare Sahara bisa raƙumi sun yi tunanin inda ɗansu zai kwana a Masar. Mu da kwalta ta ratsa garinmu, mun kasa yin tunanin Harobanda.

Su Nasaran ma da ake faɗi, mu duba yadda sunka yi. Oksfod da Kembirij, tsoffin garuruwan jami'a na Ingila, sun sha irin wannan rigima. Ɗalibai sunka cika gari, masu gidaje sunka tsawwala haya. A 1231 Sarki Henri na Ukku ya aika wa shugabannin garuruwan biyu umarni cewa malamai biyu da dattawan gari biyu su riƙa zama suna yanke kuɗɗin hayar ɗakunan ɗalibai. Kwalejojin da ake ta yabo yau, irin Balliol da Merton na wajen 1263 da 1264, asalinsu gidaje ne da masu dukiya sunka tsayar don masu neman ilimi su samu wurin kwana da abinci. Har gobe, in an tafi hutu, kwalejoji da dama a garuruwan nan na ba baƙi hayar ɗakunan ɗalibai na kwana ɗaya ko biyu, sau da yawa har da karin kumallo, a farashin da ya fi na manyan otal sauƙi. Baƙo ya samu gado mai tsabta, kwaleji ta samu kuɗɗin gyara. Ba wai can aljanna ba ce, garuruwa ne masu tsada ƙwarai, ɗalibansu ma na kuka da haya. Abin lura shi ne kusan shekara 800 ke nan da sunka ɗauki wurin kwanan ɗalibi a matsayin maganar hukuma da gari, mu kuwa har yau maganar matar kawu ce.

Wasu kuma za su ce ƙasa ba ta da hali. Haba jama'a! Da za a yi taron ƙolin Tarayyar Afirka a Yamai cikin Yulin 2019, a gaban idonmu manyan otal-otal irin Radisson Blu da Noom da Bravia sunka tashi. Da Doso ta karɓi bikin 18 ga Disamba a 2014, an yi gine-gine da sunan Doso Soga. Ban ce kada a sauki shugabanni da mutunci ba. Na dai lura cewa in baƙon mai kwat ne, ana samun fili, ana samun siminti, ana samun mai zuba jari. In baƙon ɗan bak ne mai jakar leda, sai a tuna da talauci. Kuma mun ga ranar da rashin madogara ke fitowa fili: a Afrilun 2017, da anka rufe harabar jami'ar Yamai bayan zanga-zangar ɗalibai, waɗanda ke kwana a site sun wayi gari a waje. Mai dangi ya nufi dangi. Marar dangi fa?

Zargin gwamnati kaɗai abu ne mai sauƙi, kuma ba ya shimfiɗa wa kowa katifa. Ga abin da nake ganin ya kamata mu nema, mu fara da na kusa.

Na ɗaya, Gidan Arewa a Yamai. Dogon Dutsi na da kwamin shidda, Tibiri na da huɗu, goma ke nan. Kowace na da ƴan asalinta a babban birni, da ƙungiyoyinsu da ke haɗuwa wurin biki da gaisuwar mutuwa. A ce mutum 300 kawai sunka yarda su riƙa ba da jaka ɗaya kowane wata, jaka 300 ke nan, kafin a zo ga gudummawar kwamin-kwamin. A kama hayar gida kusa da jami'a, a raba shi biyu, ɓangaren mata daban da ƙofarsa, a sa dattijuwa mai amana ta riƙe shi. A buɗe rajista, a rubuta sunan kowa da ƙauyensu da ranar shigarsa. A sa ɗan kuɗɗin kwana kaɗan wanda zai biya ruwa da wuta, a kuma ƙayyade kwanaki, don kada wani ya shigo da sunan konkur ya kai shekara ukku. Sharaɗi mafi girma: kada hayar ta rataya a aljihun ɗan siyasa guda. Gidan da ɗan takara ya kama, ranar da anka ƙidaya ƙuri'a ake fara ƙirga kwanakinsa. Masu fitar da zakka kuma su tuna, matafiyin da guzuri ya yanke masa yana cikin waɗanda addini ya ba haƙƙi a ciki, kuma ƙofar waƙafi a buɗe take.

Na biyu, hukumar da ke kula da site ta ware ɗakuna a lokacin hutu don ƴan konkur da sababbin masu rajista, da farashi a rubuce da rasit. Za a ce site ɗin bai ishi masu shi ba, kuma shekarun karatu na hawa kan juna har ba a san ranar da ya zama fanko ba. Gaskiya ne. To a fara da kaɗan, ko ɗaki ashirin ne, a kwanakin da kowa ya san za a yi jarrabawa. Jami'o'in Doso, Tawa da Maradi, inda ƴan Arewa ke zuwa su ma, su yi haka. Kuɗɗin da anka tara a gyara famfo da makewayi, a manna lissafin a bango kowa ya gani.

Na ukku, masu ƙananan otal da gidajen baƙi. Akwai kasuwa a nan da kunka yi wa barci. Wanda ya tsabtace gidansa daga harkar awa-awa, ya sa gado huɗu a ɗaki, ya rubuta farashi a ƙofa, ya yi rangwame ga mai katin ɗalibi, zai samu baƙi duk shekara, kuma iyaye da kansu za su riƙa turo masa ɗiyansu. Fatoma bai yi arziki da cutar baƙo ba, da dawowar baƙo ya yi.

Na huɗu namu ne, ba ya buƙatar sa hannun kowa. Yayyenmu da ke jami'a su rubuta takarda guda: unguwar da ta fi kusa da kowace makaranta, inda ake samun ɗaki mai mutunci, abin da ake biya, wanda za a kira in an sauka tasha da dare. A buga ta kamar yadda anka buga wannan ɗan littafi, a kai kowane lise na Arewa kafin sakamako ya fito, a tura ta WhatsApp. Kuma mu da gidajenmu ke cikin garin Dutsi ko Tibiri, mu dubi zaurukanmu. Ba ya yiwuwa mu riƙa kukan Yamai ba ta sauke mu ba, alhali ɗan ƙauyen da ya zo kwaleji a garinmu na yawon neman mai riƙo.

Hutu na tafe, ƙungiyoyin ɗaliban kowace kwamin za su yi taronsu kamar kullum. Za a tattauna wasan ƙwallo, da daren al'adu, da wanda zai zama shugaba. Ina roƙon duk wanda ya karanta wannan ya ɗaga hannu a taron ya ce a sa maganar masauki a sahun farko, a naɗa mutum ukku, a ba su wata guda su zo da farashin haya da sunayen masu ba da gudummawa. In shugabannin taro sunka ce ba lokaci, a tambaye su gidan wa sunka sauka ranar da sunka fara zuwa Yamai, da kuma inda wanda ba shi da wannan gida zai nufa bana.