Kwaɗon Zogale Ba Shaidar Talauci Ba Ne

Watanni takwas ke nan da likita ya auna jinina, ya gyara zaman tabaransa, ya ce, "Dakta, ko dai ka rage nama da gishiri da maiƙo, ko kuma mu ƙulla abota ta dindindin." Tun daga ranar na mayar da akasarin cimata hatsi da wake da ganye. Na zaci da cikina zan yi kokawa. Ashe da idon jama'a ne.

A wata walimar aure a Maiyama, na ɗebi shinkafa da wake, na tsallake tiren soyayyen nama. Kawuna ya dube ni, ya ce, "Ɗana, ko albashin ne bai shigo ba?" Aka kwashe da dariya, ni ma na dara, amma maganar ta bi ni har gida. A wurinmu nama mutunci ne. Da shi ake karrama baƙo, da shi ake auna wadatar mai gida. Ganye kuwa sai rani ya yi tsanani ake tuna shi. Zamani ya ƙara nasa: taliyar leda, lemon kwalba, da hotunan gasassun kaji da ke cika Facebook da TikTok. Duk yammacin da na taso daga jami'a a Aliero na ratsa Jega, ƙamshin tsire da balangu ne ke fara yi mini sallama.

Abin da ya riƙe ni shi ne gane cewa ban ɗauko baƙon abu ba. Abin da mutanen Ingila da Amurka ke rubuta wa littattafai a yau, shi kakanninmu suka rayu a kai: tuwon dawa da miyar kuka, ɗanwake, dambun zogale, kwaɗon rama da ƙuli-ƙuli, kunun gero. Nama sai ranar kasuwa ko ranar salla. Kimiyya ma ta gaskata su. Hatsi na da ƙarancin wani sinadarin gina jiki wanda wake ke da shi a wadace, don haka haɗa su biyun cikon juna ne. Matsa lemon tsami a kwaɗo kuwa yana taimaka wa jiki ya zuƙi sinadarin ƙarfe da ke cikin ganyen.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a ci aƙalla giram 400 na ganyaye da 'ya'yan itatuwa kullum, gishiri kuma kada ya kai giram 5. A 2015 cibiyarta mai binciken ciwon daji ta sanya sarrafaffen nama cikin abubuwan da ke haddasa cutar. Abin mamaki, Aliero da ke loda wa manyan motoci albasa zuwa kudu, da fadamun da ke ba mu tumatir da alayyafo, su ne garuruwan da ɗalibi zai wuni a kan biredi da lemon kwalba.

Ga mai son bin wannan hanya, kada ya haramta wa kansa abin da Allah Ya halatta. Naman layya ina ci, kifi ma lokaci-lokaci, nono kuma ban bar shi ba, domin bitamin B12 ba a dogara da tsirrai wajen samunsa. Wanda ya yi rantsuwar yanke nama kwata-kwata cikin dare ɗaya, galibi mako biyu ake ganinsa gaban mai tsire. Kada kuma ya fita da yunwa, domin mai yunwa ba ya zaɓe. Gyaɗa da dabino ba sa rabuwa da motata. Sannan ya shawo kan uwargida, don tukunya a hannunta take. Ranar da tawa ta fara yi mana awara da miyar alayyafo, yara ne suka riga ni siɗe kwano.

Awon jinina ya sauko, ko da yake ban ajiye magani ba, ba kuma zan ajiye ba sai da izinin likita. A makon jiya kawun nan nawa ya aiko a tambaye ni yadda ake dafa zogale ba tare da ɗaci ba, wai ƙafafunsa sun fara kumburi. Na aika masa da bayanin, na haɗa da roƙon ya je asibiti. Ban tambaye shi labarin albashi ba.

Sai mun haɗu a mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.