Darasin Therac-25: Na'urar asibiti ta yi magana da harshen mai aiki da ita

Tsakanin 1985 da 1987, wata na'urar gashin ciwon daji mai suna Therac-25, ƙirar kamfanin AECL na Kanada, ta yi wa majinyata shida gashin da ya ninka ƙa'ida sau da yawa a Amurka da Kanada, wasunsu suka rasu. Abin da ya faru a garin Tyler na jihar Texas a watan Maris na 1986 ya isa mu tsaya mu duba.

Ma'aikaciyar da ke kan na'urar gwana ce, hannunta da sauri. Wajen zaɓen nau'in gashi ta buga harafin X maimakon E, ta koma ta gyara cikin abin da bai kai daƙiƙa 8 ba. A wannan ɗan tsakanin na'urar tana kan daidaita kanta, sai ta karɓi gyaran a allo, a ciki kuwa ta saki haske mai tsananin ƙarfi. Allon ya rubuta "Malfunction 54", ya kuma nuna wai gashin bai kai yadda aka nema ba. Littafin na'urar bai fayyace ma'anar lambar ba. Irin waɗannan saƙonni sun saba fitowa kullum ba tare da wata illa ba, don haka ta danna P ta ci gaba. Ranar kuma abin magana da kyamarar ɗakin ba sa aiki, ba ta ji ihun majinyacin ba. Ya rasu bayan ƴan watanni. Sai da abin ya maimaitu a watan Afrilu, masanin asibitin Fritz Hager ya zauna da ma'aikaciyar suna ta gwaji har suka gano saurin bugu ne ke jawo shi.

Tsohuwar na'urar kamfanin, Therac-20, tana da irin wannan kuskure a manhajarta, amma tana da makari na ƙarfe da waya da ke katse wuta idan abu ya kauce. A sabuwar an cire makarin, an bar amana duka a hannun kwamfuta. Faransa ma ta ɗanɗana: a asibitin Epinal, daga 2004 zuwa 2005, fiye da mutum 20 sun sha gashi fiye da kima, masu bincike kuma suka ambaci manhaja da Ingilishi da ƙarancin horo cikin dalilai.

Wani zai ce ina ruwan garinmu Bande da wannan. Ai mai ciwon daji daga nan, in an tura shi Magarya, aka wuce da shi Damagaram, ƙarshe Yamai zai dosa, inda aka buɗe cibiyar gashi ta farko a Nijar a 2021. Ko a kusa da mu akwai na'urorin da rai ke rataye a allonsu: mai tace iskar oksijin, mai auna iska a yatsa, famfon ƙarin ruwa, da ɗan abin gwajin sukari. A asibitin Magarya, inda ƙungiyar MSF ta daɗe tana kula da yara, damina na cika gadaje da masu zazzaɓin cizon sauro da tamowa, ma'aikaci ɗaya yana zagaya yara da yawa cikin dare.

Mu ɗauki abin gwajin sukari. Jini ɗaya ne, amma wata na'ura za ta rubuta 90, wata 5, wanda ya yi karatu da tsarin Faransa kuma 0,9 ya sani, domin ma'aunan sun bambanta. Idan alamar ma'aunin ƴar mitsitsiya ce a gefen allo, mai jinya da ya gaji, yana haska fitilar wayarsa, zai iya ɗaukar lafiya a matsayin haɗari, ko haɗari a matsayin lafiya. Laifin ya faro tun daga wanda ya ƙera da wanda ya sayo.

Darasin a bayyane yake. Saƙon na'ura ya faɗi abin da ya lalace da abin da za a yi, cikin harshen da mai aiki ke karantawa. Ƙararrawa ta yi kuka don dalili, domin wadda ke kuka kullum kunne na sabawa da ita. Inda kuskure zai iya kisa, a sa makarin da hannu ba zai tsallake ba, kamar yadda masu sa barci a ɗakin tiyata suka yi: bakin tukunyar oksijin ba ya shiga mazaunin wata iska. Wanda kuma ya ga na'ura ta yi abin mamaki ya rubuta ya sanar, ba tare da tsoron za a ɗora masa laifi ba, domin da labarin haɗarin farko ya isa sauran asibitoci da wuri, da an tsirar da wasu.

Kiranmu ga masu sayen kaya a ma'aikatar lafiya, da ƙungiyoyin agaji, da shugabannin cibiyoyin lafiya na Magarya da Dungas shi ne: kafin a karɓi na'ura, a miƙa ta ga ma'aikacin da zai kwana da ita ya gwada, a nemi littafinta da Faransanci, a manna taƙaitaccen bayani da Hausa a jikinta, a kuma daidaita ma'auni ɗaya a gunduma duka.