Kwamfutar kyauta: a karɓa, amma a kunna ta tukuna

Tun shekarar 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta kan kwamfuta gaba ɗaya. Duk da haka, har yau akwai ɗan aji shida da zai shiga ɗakin jarrabawa bai taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba. Amsa na cikin kansa, amma lokaci na tafiya yana neman inda zai danna. Wannan ba laifin yaron ba ne.

Waɗanda suka saba taimaka wa makarantu irin tamu su ne ƙungiyoyin da ba don riba aka kafa su ba: ƙungiyar tsofaffin ɗalibai, ƙungiyar iyaye da malamai, ƙungiyoyin cigaban unguwa. Kuɗinsu karo-karo ne, kuma kowa ya san yadda farashin sabuwar kwamfuta ya tashi tun da naira ta faɗi. A ganina bai kamata su zuba wannan ɗan kuɗi a kan sababbi ba. Su nemi na kyauta.

Kuma yanzu ne lokacin nema. A ranar 14 ga Oktoba 2025 kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 10, ita kuwa Windows 11 ba ta hawa kan tsofaffin injuna da yawa. Don haka bankuna da kamfanoni suna canja kwamfutoci masu aiki lafiya lau, saboda kawai ba su dace da sabuwar manhajar ba. Irin waɗannan, in aka ɗora musu Linux Mint, sun ishe mu koyon buga rubutu da gwajin jarrabawa. Tsohon ɗalibin da ke aiki a banki zai iya rubuta wa shugabanninsa takardar roƙo. A ƙasashen waje ma akwai ƙungiyoyi irin su Computer Aid International ta Ingila, masu gyara tsofaffin kwamfutoci su tura wa makarantu, sai dai ana biyan kuɗin gyara da na jigila.

Batun manhaja shi ne inda ake asarar kuɗi babu dalili. An saba a kai inji kasuwa a biya a ɗora masa kwafin sata, bayan ɗan lokaci ya kama rikici, a sake mayarwa a sake biya. Alhali ga LibreOffice nan kyauta, halal: Writer na rubutu, Calc na lissafi, Impress na gabatar da darasi. Ga Kiwix, wadda ke sa a karanta Wikipedia ba tare da data ba. Ƙungiyar da ta yi rajista da CAC kuma tana iya neman manhajojin manyan kamfanoni a farashi kaɗan ta hannun TechSoup. Wadda ba ta da rajista ba za a saurare ta ba, saboda haka sakatarorin ƙungiyoyi su fara da takardunsu.

To amma akwai inda ya kamata a tsaya a duba. Mu a nan ana jin kunyar bincika kyauta a gaban wanda ya bayar, sai a ce an raina alheri. Wannan kunyar ce ta sa wasu ke sauke mana shararsu da sunan taimako. Wanda ya ga hoton Agbogbloshie a birnin Accra, inda matasa suka daɗe suna ƙona wayoyin lantarki don cire tagulla, ya san inda matattun kwamfutoci ke ƙarewa. Tun 1991 ƙasashen Afirka suka ƙulla yarjejeniyar Bamako don hana shigo musu da shara mai guba. Kada makaranta ta zama juji don tana jin nauyin cewa a'a. A jona kowace a wuta, a ga ta tashi, a gwada madannai, a tabbatar mai ita ya goge bayanansa, sannan a sa hannu. Wadda ba ta tashi ba a yi godiya a bar masa.

Idan da zaɓi, laftof biyar sun fi manyan na tebur goma amfani a wurinmu. Ba sa jan wuta sosai, kuma in an ɗauke, batir zai kai darasi ƙarshe. Kuɗin da aka huce saye da shi sai a zuba a sola da batir, a ware wani abu na mai gyara, don ƙurar hunturu ba ta barin inji.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne makarantun da ake lulluɓe kwamfutoci da leda, a kulle ɗaki, ba a buɗewa sai ranar da baƙi za su zo. Muna roƙon shugaban makaranta, ranar da namu suka iso, a kafe jadawali a wannan allo, a ba 'yan aji shida fifiko bayan la'asar, a kuma danƙa mabuɗi ga malamin da ba ya tashi da wuri.