Tambarin TikTok na kashe wa bidiyo kasuwa a Instagram

Masu tallan kaya da yawa kan sauke bidiyonsu daga TikTok, su ɗora a Instagram tambarin TikTok na yawo a jikinsa. Wannan ganganci ne. Tun Fabrairun 2021 kamfanin Instagram ya sanar cewa zai rage nuna wa jama'a irin waɗannan Reels ɗin. An ƙona data, kwastoma bai gani ba.

Gara mai shafi ya tace bidiyonsa a CapCut, ya goge tambarin da manhajar ke liƙawa a ƙarshe, ya adana asalin a waya, ya ɗora a kowane dandali daban. Meta Business Suite kuma kyauta ne, yana iya saita masa lokacin fitar bidiyon a Facebook da Instagram ko yana barci.