Rogonmu na ciwo, wa ke duba shi?

Ƴan uwa matasa, duk wanda ya ratsa gonakin rani na Konni ko fadamun Malbaza da Illela, ya ɗan tsaya ya dubi ganyen rogo. In ya ga ya murɗe, ya yi dabbare-dabbaren rawaya, shukar ta tsugune, to ba lallai ƙishirwa ce ko rashin taki ba. Sau tari birus ne, cutar da masana ke ce ma mozayik. Farin ƙuda na ɗaukarta daga shuka zuwa shuka, amma mu ma muna ɗaukarta da hannunmu: a saro iccen rogo mai ciwo, a ba maƙwabci, ya dasa. Babu feshin da ke warkar da shi. Kuɗin magani ya tafi, saiwar kuma ba ta cika kwando.

Wasu za su ce binciken birus aikin masu ƙoshi ne. Wallahi kuskure ne. Birus ɗin nan iri-iri ne, ido ba ya rarrabe su, sai ɗakin gwaji. A Yuganda, cikin shekarun 1990, iri biyu suka haɗu suka haifar da wani mai tsanani, har manoma da dama suka bar noman rogo. Akwai kuma wata cutar mai ruɓar da saiwa tun tana ƙasa, da ta taso daga gabashin Afirka har ta kai Kongo. Iccen rogo kuwa ba ya nuna takarda a kan iyaka.

Maƙwabta ba su kwanta ba. Tun 2015 aka kafa shirin WAVE a Kodibuwa don bin sawun waɗannan cututtuka, kuma jami'ar Aliero ta jihar Kebbi, nan kusa da mu, tana ciki. Mu fa? INRAN na da tasha a Konni, jami'ar Tawa na koyar da noma. To ina sakamakon gwajin gonakinmu? Wa ya karanto ma manomi shi da Hausa a rediyo?

Albasar Galmi ta yi suna don tana kawo jikkuna. Rogo shi ke riƙe cikin talaka in hatsi ya ƙare a rumbu. Saboda haka muna neman abu uku: a gwada ganyen rogon kowace gunduma duk shekara, a faɗi abin da aka gano a fili, a buɗe gonakin iri mai lafiya kusa da manoma.

Kai kuma da ke karatu a waya, in ka je gida ka faɗa ma Baba: shukar da ta murɗe a tuge ta tun tana ƙarama, kada a ɗebi iri a jikinta.