Lissafin makin fiziks a WhatsApp yaudarar kai ne

1/ Duk shekara da an fito daga fiziks na WAEC sai guruf-guruf su cika da "na ci 40 a objektif, A1 ta tabbata". 'Yan'uwa, ku daina yaudarar ƙannenku. Zare ne, ku biyo ni.

2/ Takardar kashi uku ce: objektif maki 50, tiyori 60, firaktikal 50. Jimla 160. Masu lissafin nan kashi biyu kawai suke ƙirgawa, su bar firaktikal, alhali ya kusa sulusin makin.

3/ Mu yi lissafin tare. Yaro ya samu 35 a objektif, 30 a tiyori, 10 a firaktikal: 75 cikin 160, wato kashi 47 cikin ɗari. A ma'aunin da aka saba yaɗawa, D7 ke nan. Babu kiredit, babu likitanci, babu injiniya.

4/ Yaron nan dai, da ya samu 30 a firaktikal, makinsa ya zama 95, kashi 59. C5. Kwanyarsa ba ta canza ba, hannunsa ne ya taɓa kaya.

5/ A firaktikal akan kawo tambayar lantarki: ka haɗa batir da waya da amita da boltmita, ka karanta, ka zana giraf. Wannan ba a haddace shi kamar karatun allo. Wanda bai taɓa riƙe amita ba, ko gefen da ake sa jar waya bai sani ba.

6/ To ɗan Zakka fa? Yankin Safana da Batsari ya sha rufe makarantu saboda 'yan bindiga. Yaron da zangon karatu ya wuce shi yana gudun hijira, yaushe ya ga lab? Amma takarda ɗaya za a ba shi da ɗan Legas, sannan a ce masa rago.

7/ A 1831 Faraday ya gano cewa motsa maganaɗisu cikin naɗaɗɗiyar waya na haifar da lantarki. Kayan aikinsa ke nan. Maganaɗisun tsohuwar sifika da wayar kwail, wajen mai gyaran rediyo ma ana samu.

8/ Mu 'yan jami'a masu zuwa hutu, maimakon tura "amsoshi" a guruf, mu haɗa kuɗi mu sayi mita da batir, mu tara yara ko biyar ne a zaure su haɗa da hannunsu. Wa zai shiga? Ya yi magana a ƙasa.